Mai Kanti, Buɗe Kwali Mu Gani

Akwai wata magana da ta daɗe tana damun malaman makaranta da shugabannin mawaƙa na majami'u a Kudenda da Kakuri da sauran unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, watau maganar jita, molon Turawa. Jama'a su yi karo-karo, ko makaranta ta fitar da kuɗi, a haye gada a shiga gari a sayo jita sabuwa cikin kwali, tana ƙyalli. Kafin hunturu ya fita sai a ga wuyanta ya karkace, ko fuskarta ta tsage, ko jakin da ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɗago. A koma kanti, mai kanti ya nuna abin da ke rubuce a gindin rasit: kayan da ya fita ba ya komowa. In an matsa masa, ya ce ai ba shi ya sassaƙa ba. Kamfanin da ya yi ta kuwa yana can Sin ko Indunusiya, inda ake yin yawancin jita masu araha, ba shi ma da labari.

To, laifin wa? Mu dai a ganinmu a raba shi, amma ba daidai za a raba ba.

Da fari sai a yi wa masu yin kayan adalci. Jita itace ce, itace kuwa yana shan danshi yana kumbura, ya bushe ya tsuke. Kamfanoni suna haɗa ta a ɗakin da aka tsare danshin iskarsa wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Daga nan ta biyo teku ta sauka Ikko, inda danshi ya yi yawa, sa'an nan a ɗoro ta a mota zuwa Kaduna, inda a watan Janairu da Fabrairu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ga kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jaki da wuya da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Fuskar jita kaurinta bai fi milimita 3 ba. Duk wanda ya ga yadda ƙofar katako ke buɗe baki da hunturu ya san abin da zai faru.

Amma wannan bai wanke su duka ba. Itacen da ba a bari ya bushe sosai ba, da gam ɗin da aka shafa da gaggawa, da ƙarafan wuya da aka kafa ba bisa awo ba, ba iska ce ta yi su ba. Kada kuma a ce sai ƙananan kamfanoni. Fender ta Amurka, da aka sayar wa kamfanin CBS a 1965, makaɗa sun yi shekaru suna kukan aikinta ya ragu domin an fi kula da yawa bisa kyau, har ma'aikatanta da wasu masu jari suka saye ta a 1985. Gibson ma, duk da sunanta, sai da bashi ya kai ta gaban kotu a 2018. Ashe suna a jikin kwali ba shaida ba ne, balle ga shi kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye.

Duk da haka babban kason laifin na mai kanti ne, domin shi ya karɓi kuɗin, shi ne kuma ya san ƙasar. A dubi yadda ake cinikin gurmi ko garaya ko goge. Wanda ya fafe ƙwaryar, ya ja fatar guza, ya ɗaura izgar doki, shi ne zai miƙa maka, ya kaɗa a gabanka ka ji. In fatar ta saki ka san ƙofar gidansa, shi kuma ya san mutuncinsa na cikin kayan. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar, wanda ake sauraro har Amurka, jitarsa ta fari da kansa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke. Watau gyaran kayan kiɗa bai fi ƙarfin hannun mutanenmu ba. Me zai hana mai kantin da ke cin riba ya ajiye mutum ɗaya da ya iya juya ƙarfen da ke cikin wuyan jita, ya daidaita tsirkiyoyi kafin a sayar? A Kudenda, unguwar masana'antu, ba a rasa kafintoci da masu aikin injin da za su koyi wannan cikin 'yan watanni.

Maganar "ba ya komowa" kuwa, ya kamata a sani ba doka ba ce. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da aka same shi da aibi, rubutun gindin rasit kuma bai soke wannan ba. Rashin sani ne ke sa mutane su haɗiye fushinsu su koma gida.

Saura ku akawuna da malamai da kan sa hannu a takardar biyan kuɗi. Kada ku yarda a ba ku kwali a rufe. A buɗe, a tafi da wanda ya iya kaɗawa. Ya hango wuyan daga sama yadda kafinta ke hangen katako. Ya shafa gefensa ya ji ko ƙarafa na yankan hannu. Ya gwada cusa takarda ƙarƙashin jaki, in ta shiga a ajiye wannan jitar. Ya danna tsirkiya a gida na 12 ya ji ko muryar ta dace da ta sake. Sa'an nan a sa mai kanti ya rubuta a rasit, da lambar jitar, cewa ya ɗauki nauyin gyara har ƙarshen watan Maris, domin jitar da aka saya da damina ba a san halinta ba sai ta ga hunturu. In ya ƙi, akwai kanti na gaba.

In an kai ta makaranta kuma, a riƙa mayar da ita cikin jakarta, nesa da taga, a sa ɗan soso mai laima cikin leda mai huji a ajiye tare da ita daga Nuwamba har ruwan fari ya sauka.