Hawan jinin ido da korona: uwa mai ɗan tatata ce ba a sa cikin lissafi ba

A watan Maris ake makon faɗakarwa kan hawan jinin ido, ciwon da likitoci ke kira gilokoma. A watan Maris ɗin ne kuma, ran 19 ga wata a 2020, aka samu mutum na farko mai korona a Nijar.  An yi lissafin asarar ƴan kasuwa da ta ƴan makaranta, amma ba a yi na uwar da ke fama da wannan ciwo tana renon ɗan shekara biyu ba.

To, mine ne ciwon? Akwai ruwa cikin ido da ke da hanyar fita. In hanyar ta cushe, matsi sai ya ƙaru, ya dinga cin jijiyar gani sannu a hankali. Galibi ba zafi, ba ja. Kuma daga gefe yake farawa, tsakiyar gani sai daga baya.

Nan hatsarin yake. Mace tana iya zura zare a allura, amma ba ta ga yaron da ya biyo ta gefe ya nufi murhu ko bakin rijiya ba. In ya ƙone, sai uwar miji ta ce sakaci ne, ita ma ta zargi kanta, alhali idonta ne ya ƙuntata.

Korona ta ƙara dagula lamarin. An rufe iyakoki, an killace Yamai na wani lokaci, mutane sun ji tsoron asibiti. Mai zuwa Katsina ko Kano awon ido ya tsaya, ɗan ƙauye ya jinkirta zuwa asibitin ido na Makka a Maradi ko babban asibitin Damagaram. Aiken ƴan ci-rani ya ragu, maganin ɗigawa ya ƙare ba a sayi wani ba. Ga shi wannan ciwo ba kamar yanar ido ba ne, wadda ake yi wa aiki gani ya dawo. Abin da hawan jinin ido ya ci, ya ci ke nan. Magani yana tsare abin da ya rage ne kawai, shi ya sa ake ɗiga shi kullum ba fashi.

Tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. Maganin idon uwa ba ya cikin jerin. Amma idon uwa ai shi ne mai gadin yaro na farko. Ya kamata hukumomi su duba yadda awon matsin ido zai kusanto karkara, da yadda maganin zai yi sauƙi.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. A kewaye murhu, a rufe rijiya, a samu mai taya uwa duba yaro lokacin girki. A ɓoye kwalbar magani, domin irin su timolol na da hatsari in yaro ya sha. Mai shayarwa ko mai asma ta gaya wa likita tun farko. A guji maganin ido na ƴan talla: wasu irinsa, kamar dexamethasone, suna hawar da matsin ido. Ciwon yana bin jini, kuma ya fi yawa ga baƙar fata, saboda haka wanda ya kai 40, ko yake da mai shi a dangi, ya je awo ko da lafiya lau yake ji. Jaririn da idonsa ya yi girma fiye da ƙima, yana hawaye, yana gudun haske, shi ma a kai shi.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Agadas, Legas ko Libiya, in kun kira gida ku tambaya: "Maganin ido ya ƙare?" Kuɗin kwalba ɗaya duk wata ya fi turmin atamfar salla amfani. Allah ya tsare mana ganinmu.