HIRAR GINDIN GAWO: Tukunyar ƴan lakwal a ƙasar Ingila

Hirarmu ta wannan wata za ta kai mu nesa, har ƙasar Ingila. Maganar abincin yara ce, kuma kowa da yaro a gidansa.

A shekarar 2004, wani sanannen kuku mai suna Jamie Oliver ya shiga wata babbar lakwal a unguwar Greenwich, cikin birnin Landan. Ya je ya ga abin da ake dafa wa yara da rana. Masu ɗaukar hoto na biye da shi. Gidan talabijin na Channel 4 ya nuna shirin kashi 4, a watannin Fabrairu da Maris na 2005.

Me mutane sunka gani? Sun ga kayan abincin kowane yaro kwabo 37 ne kawai, a ƙasar da kwabo 100 ke yin fam ɗaya. Sun ga soyayyen dankalin turawa kusan kullum. Sun ga wani murɗaɗɗen nama da masana'anta ke haɗawa, ana ce masa Turkey Twizzlers. Naman talotalo a cikinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne. Sauran ruwa ne da kitse da tarkace. Matan da ke madafa ba girki suke ba. Buɗe kwali suke, su ɗumama.

Oliver ya ce a sake. Ya kawo ɗanyen nama da ganye da ƴaƴan itace. Ya koya wa matan girki, har kukun soja sunka taimaka. Amma yara sun ƙi. Wasu sun zubar da abincin, wasu sun yi kuka. Harshen da ya saba da gishiri da mai ba ya son ganye rana ɗaya.

Masu kallo sun rabu. Kashi na farko ransu ya ɓaci da abin da ake ba ƴaƴansu. Ba su tsaya ga tsaki ba. Mutum fiye da 270.000 sunka sa hannu a takardar koke, anka kai ta gidan firaminista Tony Blair. A ƙarshen watan Maris gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 280 cikin shekara 3. Anka fitar da naman nan daga lakwal.

Kashi na biyu sun ce: wane ne shi? Mai kuɗi ne, ya zo yana koya wa talaka yadda zai ciyar da ɗansa. A watan Satumba na 2006, a wani gari mai suna Rawmarsh, lakwal ta hana yara fita sayen abinci da rana. Sai wasu iyaye mata sunka riƙa sayo soyayyen kifi da dankali, suna miƙa wa yara ta shingen ƙarfe. Jaridu sun ɗauki hotonsu, mutane da yawa sun zage su. Su kuwa cewa sunka yi ƴaƴansu na wuni da yunwa, don ba su cin sabon abincin. A lakwal da dama ma, yawan yaran da ke cin abincin ya ragu da farko.

To, wa ke da gaskiya? Wasu masana biyu, Michèle Belot da Jonathan James, sun bi diddigin ƴan firamare na Greenwich. Sun buga sakamakon a 2011. Rashin zuwa aji da izini, wanda galibinsa ciwo ne, ya ragu da kashi 14 cikin 100. Yaran kuma sun ƙara ƙoƙari a jarrabawar Ingilishi da kimiyya. Ashe kukun bai yi ƙarya ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Duk da haka, ni ban zagi matan Rawmarsh ba. Uwa ba ta iya jin ɗanta na yunwa ta zauna. An sake tukunya, ba a zauna da su an yi shawara yadda ya kamata ba. Wanda ba a tambaya ba, da wuya ya kama maka.

Za ku ce: ina ruwanmu? Su matsalarsu mai da sukari, mu tamu hatsin ne ba ya isa. Gaskiya ne. Amma mu ma muna da lakwal masu tukunya, musamman wajen makiyaya, inda yaro ke nesa da gida. Kuma a Yamai anka yi bukin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016.

Saboda haka ga shawarata. In lakwal ɗin garinku na da tukunya, uba ya je, uwa ta je, ku ɗanɗana. Ku tambayi mushe buhu nawa anka kawo, nawa ya rage. In tuwo ne kullum da miya tsinkakkiya, ku duba abin da ke gonarku: wake, gyaɗa, kabewa, yakuwa, ganyen zogale. Wake na gina jiki. Ganye da kabewa na taimakon ido da jini. Mai saniya ya kawo nono in yana da hali.

In za a shigo da sabon abinci, a fara kaɗan kaɗan. A kira iyaye mata tun ranar farko, su ne sunka san bakin ƴaƴansu. Kada a manta da masu girki, su ke shan hayaƙin.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Ku rubuto mana abin da ake dafawa a lakwal ɗin garinku. Allah ya raya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.