Lambar Siga Ba Aikin Hannu Ba Ce

A ce ma'aikatan rigakafi uku ne, ɗaya a Wurno, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo, kowa yana shigar da sunayen yara a waya. Na Goronyo ta Xender ya karɓi manhajarsa saboda intanet ya ƙi, na Rabah ya sauke tasa jiya, na Wurno tun bara. Duk wayoyin na nuna siga 1.0, alhali an gyara kuskuren lissafin watannin haihuwa a tsakani. Idan alƙaluman suka isa Sakkwato, wa zai tantance na gari daga gurɓatattu? Babu. Yaron da ya rasa allura sai ya ɓace cikin jadawali.

Laifin ba na ma'aikaci ba ne. Na mai rubuta manhaja ne da ke buga lambar da hannu, ya tuna yau ya manta gobe.

Maganin kuwa sananne ne. Git, rumbun da ake ajiye rubutun manhaja, yana ba kowane gyara shaida tasa ta daban. Sai a ɗora wa na'urar da ke harhaɗa manhajar aikin karanta shaidar, ta buga lamba da kanta duk lokacin fitarwa. Tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta ya raba lambar uku, kamar 2.4.1: ta ƙarshe na hawa idan an gyara kuskure, ta tsakiya idan an ƙara abu, ta farko idan sabuwar ba za ta jitu da tsohuwar ba. Mutum ne ke faɗin girman gyaran, ƙirga kuwa aikin na'ura ne.

Wani zai ce ƙaramin abu ne. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, domin an sabunta kwamfutoci bakwai da hannu, aka tsallake ta takwas. Masu kuɗi ke nan. Ina ga asibitin karkara?

A Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wannan ba baƙon darasi ba ne. Da yawa daga masu kwafar littattafai na da sukan rufe aikinsu da suna da ranar gamawa, don mai karatu ya san abin da ke hannunsa. Su sukan yi watanni kan kwafi guda. Manhaja ana iya fitar da ita sau goma a yini, kuma hannu ba zai bi wannan gudun ba.

Saboda haka, ku masu sa hannu kan kwangila, ku rubuta shi a matsayin sharaɗi: na'ura ta buga lambar siga, a gan ta a fuskar manhaja, kuma ta bi kowane bayani da aka tura. Wanda ya ƙi, kada a biya shi.