Tsaunukan Adelaide: Inda Manomi Ke Jiran Mai Saye A Ƙofar Gonarsa

Duk ɗan kasuwar da wata hulɗa ta kai shi birnin Adelaide, hedkwatar Jihar Ostireliya ta Kudu, da wuya ya kwana biyu masu masaukinsa ba su yi masa tayin hawa tsaunukan da ke gabas da birnin ba. Tafiyar ba ta wuce ta rabin sa'a a mota, a kan babbar hanyar da ta huda dutse ta wuce ta cikin wasu ramuka biyu da aka buɗe a shekarar 2000. Baƙo Musulmi yakan nemi uzuri da zarar ya ji cewa da giyar inabi yankin ya yi suna, kuma yana da hujjarsa. Sai dai wanda ya ƙi tayin ɗungurungum ya yi asarar ganin wani tsarin ciniki da ya kamata duk mai jari a harkar noma ya gani da idonsa, domin abin lura a wurin shi ne yadda ake sayarwa, ko da kuwa mutum ba shi da sha'ani da abin da ke cikin kwalbar.

Mutanen ƙasar suna kiran tsarin da wani suna mai ma'anar ƙofar ma'ajiya, wato ƙofar ɗakin nan mai sanyi da ake jibge ganguna a cikinsa. Manomi yakan keɓe wani sashe na gonarsa ya yi ɗakin baƙi, ya jera kujeru suna fuskantar kwari, sa'an nan ya buɗe ƙofa ga duk mai wucewa. Akwai irin waɗannan ƙofofi fiye da 50 a yankin. Baƙo ya zo, a nuna masa gonar, a ba shi tarihin gidan, ya ɗanɗana, ya saya, ya biya nan take.

Lissafin abin a fili yake. Kayan da manomi ya miƙa wa ɗan sari, sai mai jigila ya ci, dillali ya ci, mai kanti ya ci, kafin a zo kan ɗan abin da zai rage wa mai gona. A Ostireliya kuwa lamarin ya fi tsanani, saboda manyan kamfanoni biyu, Endeavour da Coles, su ke riƙe da kaso mafi tsoka na kantunan wannan haja, kuma ƙaramin manomi ba shi da bakin yi musu gardama a kan farashi. A ƙofar gonarsa kuwa, duk ribar da waɗancan za su raba tana dawowa aljihunsa. Bugu da ƙari, yakan rubuta suna da adireshin mai saye, ya riƙa aika masa da kaya gida lokaci bayan lokaci, ta yadda baƙon rana ɗaya ke zama abokin ciniki na shekaru. Wasu sun ƙara da gidan abinci, wasu ɗakunan kwana, wasu kuma filin taron biki.

Wanda ya san tarihin wurin zai ga yadda reshe ya juye. Tsaunukan asalinsu ƙasar kabilar Peramangk ce. A shekarar 1839 wasu Jamusawa mabiya ɗarikar Luther, waɗanda suka bar ƙasar Purushiya saboda takurawar addini, suka kafa garin Hahndorf, suka raɗa masa sunan Dirk Hahn, direban jirgin ruwan da ya kawo su. Matansu da 'yan matansu sukan tashi da tsakar dare, su ɗauki kwandunan kayan lambu da ƙwai da man shanu, su gangara da ƙafa tafiyar kusan kilomita 30 domin su riski kasuwar Adelaide da sassafe. A yau mutanen birnin ne ke hawa motocinsu su je su tarar da jikokin waɗannan mata a ƙofar gida.

Shi kansa noman inabin ya taɓa mutuwa a yankin. An fara shi tun cikin shekarun 1840, har wani manomi na garin Echunga ya aika wa Sarauniya Biktoriya da amfanin gonarsa a shekarar 1845. Amma kafin tsakiyar ƙarni na 20 an tumɓuke yawancin gonakin, aka koma ga tuffa da kiwon shanun madara. Sai a shekarar 1979 Brian Croser, mai kamfanin Petaluma, ya sake dasa inabi a kwarin Piccadilly, bisa imanin cewa sanyin tudu zai ba da irin da zafin ƙasa ba zai bayar ba. Wasu suka bi sahu, cikinsu har da kamfanin Shaw + Smith da aka kafa a 1989. A shekarar 1998 hukuma ta yi wa sunan yankin rajista, ta shata masa iyaka, ta yadda babu mai ikon liƙa sunan a kwalbarsa sai inabinsa ya fito daga nan.

Ga wanda ke zaton tsarin bai wuce harkar barasa ba, gonar Beerenberg da ke bakin garin Hahndorf ta isa amsa. Iyalin Paech, waɗanda ke noma a wurin tun zuwan Jamusawan farko, sitiroberi su ke nomawa. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu baƙo yakan biya kuɗin shiga, a miƙa masa kwando, ya tsinka da hannunsa, a auna, ya sake biya. Wato dai ya yi wa mai gona aikin leburanci, ya kuma biya shi lada a kai, ya tafi yana murna. Abin da ya rage a gona sai a dafa shi da sukari a ɗura a kwalabe, kayan da yanzu ake samu a kantuna da otal-otal a ciki da wajen ƙasar. Haka masu tuffa na Lenswood da masu ceri da masu cuku na Woodside su ke yi, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

To, me ke sa mutum ya baro kantin da ke kusa da gidansa ya hau tudu domin sayen abin da zai iya samu a birni? A nan ne dabbobi da kyan ƙasa ke shigowa cikin lissafi. Gandun namun daji na Cleland, wanda aka buɗe a shekarar 1967 a jikin dutsen Lofty, wuri ne da baƙo ke yawo a tsakiyar kangaru yana ba su abinci a tafin hannunsa, ya ga jiminar ƙasar da ake kira emu, ya kuma ga kowala, wata 'yar dabba mai yawan barci da ba ta da abinci sai ganyen itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti. Daga ƙololuwar dutsen, mai tsawon sama da mita 700, ana hango birnin baki ɗaya har zuwa teku. Can gefen gabas akwai lambun itatuwa na gwamnati da aka buɗe a 1977, wanda ke cika maƙil a watannin Afrilu da Mayu sa'ad da ganyaye ke rikiɗewa su koma ja da ruwan ɗorawa. Iyalin da suka fito saboda yara su ga kangaru ba za su koma gida da yunwa ba, kuma ba za su koma da mota fayau ba. Kangaru ba ya cikin littafin ajiyar kuɗin kowane manomi, amma da za a wayi gari babu shi, kowane manomi sai ya gani a cinikinsa.

Gwamnati ta fahimci haka, kuma a nan ne ya kamata masu tsara manufofi su buɗe kunne. Tun a shekarun 1960 aka hana cika fuskar tsaunukan da ke kallon birnin da gine-gine. A shekarar 2000 aka ɗora wa giyar inabi haraji na kashi 29 cikin 100 na farashin sari, amma ana mayar wa masu sarrafawa da wani kaso har zuwa wani adadi, abin da ya fi amfanar ƙanana. Daga baya gwamnatin tarayya ta ƙara da wani tallafi na musamman, har dalar Ostireliya dubu 100 a shekara, ga masu sayarwa a ƙofar gona. Ita kuwa jihar, tun 1899 take da dokar kare gonaki daga wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, wanda ya taɓa durƙusar da gonakin Faransa. Har yau ƙwaron bai shiga jihar ba, shi ya sa ake roƙon baƙi kada su kutsa tsakanin kunyoyi da takalman da suka taka wata gona.

Ba a ce tsarin ba shi da rauni ba. Ran 20 ga Disamba, 2019, wutar daji ta tashi a Cudlee Creek, ta cinye kadada fiye da dubu 20, ta ƙone gidaje masu yawa, ta kuma shafi kimanin kashi ɗaya cikin uku na gonakin inabin yankin. Waɗanda wutar ba ta kai gare su ba, hayaƙi ya ɓata wa wasunsu amfanin shekarar. Ba a gama jimamin wannan ba annobar korona ta sa aka rufe iyakokin ƙasar a watan Maris na 2020, ba a sake buɗe su ga masu yawon buɗe ido ba sai Fabrairun 2022. A tsakanin nan kuma ƙasar Sin, wadda ke sayen giyar Ostireliya ta fiye da dala biliyan ɗaya a shekara, ta ƙaƙaba mata kuɗin fito da ya kai kashi 218 cikin 100, ba ta janye ba sai a watan Maris na 2024.

Masifu uku a jere sun isa su gwada kowane tsari. Waɗanda suka fi jin jiki a rikicin Sin su ne manoman jan inabi na filayen ban-ruwa da ke bakin kogin Murray, masu sayar da amfaninsu tan-tan ga manyan masana'antu, waɗanda farashi ya faɗo musu har ƙasa da kuɗin noma. Manomin tudu mai ƙofar gona shi ma ya sha wuya, amma yana da abin da wancan ba shi da shi, wato birni mai mutane kusan miliyan ɗaya da rabi a gindinsa, da kuma jerin sunayen mutanen da suka taɓa zama a kujerarsa. Bayan gobarar, irin waɗannan ne suka hau tudu da gangan domin su saya su taimaka. Sabo ake yi wa kuka, kuma mai saye ba ya sabawa da manomin da bai taɓa gani ba.

Duk da haka, a ganin mai nazari, barazanar da ta fi wuta ita ce ta filaye. Inabin da ya ƙone ana sake dasa shi ya yi 'ya'ya cikin 'yan shekaru, amma gonar da aka yanka filoti-filoti ta tafi ke nan. A shekarar 2010 gwamnatin jihar ta mayar da kimanin kadada 1,300 na ƙasar noma a kewayen garin Mount Barker zuwa filayen gidaje, matakin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai tsawo, ganin yadda jama'a suka riga hanyoyi da magudanan ruwa isa wurin. Dokar tsara ƙasa ta 2016 ta zo ta keɓe wasu yankunan noma da aka hana rarraba su domin gidaje, sai dai matsin ƙarancin muhalli a Adelaide bai gushe ba, kuma kusancin nan da birni da ke kawo masu saye shi ne ke kawo dillalan filaye. Manomin da aka yi wa tayin kuɗin da gonarsa ba za ta ba shi ba cikin shekaru ashirin, ba a zarge shi in ya karɓa. Aikin hukuma ne ta tsaya a kan iyakar da ta shata, tun da kowace gona da aka sayar tana rage darajar ta maƙwabta.

Akwai kuma ƙananan matsaloli. Cinikin ƙofa ba ya kwashe kaya masu yawa, ya fi tafiya a ranakun hutu, yana buƙatar ma'aikata masu fara'a da iya magana, kuma ba kowane gwanin noma ne gwanin karɓar baƙi ba. Hanyoyin yankin ƙanana ne masu lanƙwasa, ga kangaru da ke faɗowa titi da magariba.

Mai karatu a Nijeriya ba zai rasa tuna tsaunin Mambilla a Jihar Taraba ba, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, ga sanyi, ga kyan ƙasa, ga kuma gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar, a maƙwabtaka. Haja uku da Adelaide ke sayarwa duk suna nan, har ma hajar ta halal ce ga kowa. Bambancin shi ne Mambilla ba ta da babban birni a tafiyar rabin sa'a, kuma hawanta aiki ne ja. Duk mai tunanin zuba jari a can sai ya fara da lissafin hanya da masauki da tsaro kafin ya kai ga fentin ɗakin baƙi.

Ga wanda zai kai ziyara tsaunukan Adelaide, ya tuna cewa yanayinsu kishiyar na Turai ne: Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da fargabar gobara, har akan rufe gandun daji a ranakun da haɗarin ya tsananta, girbin inabi kuwa daga Fabrairu ne zuwa Afrilu. Yini ɗaya ya isa a ga Cleland da safe, a ci abincin rana a Hahndorf, a tsinki sitiroberi da la'asar. Naman alade ya yawaita a girkin Jamusawan garin, saboda haka a tambaya kafin a ci. In an gangaro birni, akwai tsohon masallacin da Musulmi masu jan raƙuma, waɗanda aka fi sani da 'yan Afganistan, suka gina a ƙarshen shekarun 1880 a titin Little Gilbert, kuma har yanzu ana salla a cikinsa.