SHARHI: Bayan ƙarin kuɗin kira da data, da wane ma'auni za a auna ingancin sabis?

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Hujjar da aka kafa ita ce farashin bai motsa ba tun 2013, alhali kuɗin man dizal da na kayan aikin da ake sayowa da dala sun yi tashin gwauron zabo. An kuma yi alkawarin cewa ƙarin zai haifar da ingantaccen sabis. Ƙarin kuɗin dai kowa ya ji shi a aljihunsa, amma inganci ba a gane shi sai an auna.

Lamarin ya shafi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kai tsaye. Albashi yana bi ta IPPIS, kuɗaɗen ma'aikatu ta GIFMIS da Remita, kuma Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya yana matsa wa ma'aikatu su bar fayilolin takarda su koma kan kwamfuta. Duk da layin Galaxy Backbone da ke ofisoshi, jami'in da ya koma gida Kubwa ko Lugbe ko Mararraba da ragowar aiki ya dogara ne ga layin wayarsa. Idan sabis ya yanke, takardar da minista ke jira ita ma ta tsaya.

Wannan ne ya sa manhajojin auna sabis irin su Opensignal da Network Cell Info da Speedtest suke da amfani. Ƙananan layukan da ke saman allon waya ba ma'auni ba ne tsayayye, domin kowane kamfanin ƙera waya yana da yadda yake zana su. Manhajar kuwa lamba take bayarwa, da ma'aunin dBm, ɗauke da alamar ragi. A kan 4G, lambar da ke kusa da -80 tana nuna sabis mai ƙarfi, wadda ta kai -110 kuwa tana nuna ana dab da rasa shi.

Sai dai akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa. Wasu sukan ɗora irin wannan manhaja a kwamfutar tebur ta hanyar shirin da ke kwaikwayon wayar Android, irin BlueStacks, don su ga taswira da alƙaluma a babban allo. Manhajar za ta buɗe, amma galibin kwamfutocin tebur ba su da katin SIM, ba su kuma da na'urar da ke kama saƙon turakun sadarwa. Don haka lambar ƙarfin sabis da za ta nuna, idan ma ta nuna, ba abin dogaro ba ce. Abin da kwamfuta ke iya aunawa da gaske shi ne gudun intanet ɗin da ke shigo mata. Mai son ganin ƙarfin sabis a babban allo sai ya shiga shafin saitin na'urar MiFi ko rauta mai ɗauke da SIM, inda da yawansu ke nuna alƙaluman, ko ya auna da waya sannan ya kwashe sakamakon zuwa kwamfuta.

Amfanin awon shi ne yana rarrabe cutar, domin ba kowace matsala ce daga tushe ɗaya ba. Idan lambar ta yi rauni a cikin ofis amma ta gyaru a bakin taga, kaurin bango ne ko nisan turke, kuma matsar da rauta kan wadatar. Idan sabis yana da ƙarfi amma intanet na tafiyar hawainiya da daddare, cunkoso ne: masu amfani sun fi ƙarfin turken unguwar, kuma wannan nauyi ne na kamfani. Idan kuwa komai ya ɗauke lokaci guda, galibi an tsinke wayar faiba ne ko janaretan turke ya tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka lalace, mutane da dama na ganin sabis cike a wayoyinsu amma manhajar banki ta ƙi buɗewa. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Wanda ya tara awo na mako biyu, safe da rana da dare, tare da wuri da kwanan wata, ya tashi daga mai ƙorafi ya zama mai hujja. Tsarin NCC shi ne a fara kai kuka ga kamfani a karɓi lambar ƙorafi, idan ba a share hawaye ba a kira 622, layin hukumar na kyauta. Tun 2013 kuma mai layi yana da damar komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Akwai kuma buƙatar taka tsantsan. Waɗannan manhajoji suna neman izinin sanin wurin da mutum yake, wasunsu kuma suna aika bayanan zuwa rumbunansu a ƙetare. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin kula da bayanan da ke hannunsu. Bai dace jami'i ya ɗora shirin da ya sauko daga shafin da bai sani ba a kwamfutar ofis, ba tare da izinin sashen fasahar sadarwa na ma'aikatarsa ba.

Ma'aunin da za a riƙe gwamnati da kamfanoni da shi yana rubuce. Tsarin Ƙasa na Faɗaɗa Intanet na 2020 zuwa 2025 ya sa burin gudun megabit 25 a daƙiƙa guda a birane, da 10 a karkara. Duk ma'aikatar da ta tattara awon ma'aikatanta daga unguwannin Abuja da ofisoshin jihohi, za ta iya nuna wa NCC inda aka cika wannan buri da inda ba a kai ba, unguwa bayan unguwa.