A daina koya wa yaranmu zane da manhajar sata

Duk wanda ya shiga Suame Magazine ya san Kumasi ba ta rasa gwanayen ƙarfe ba. Akwai 'ya'yan Zango a cikinsu waɗanda za su kalli giyar mota da ta karye su ƙera wata da ido kawai. Amma idan mai kaya ya dawo yana son guda hamsin iri ɗaya, ido ba ya isa, sai da zane mai awo. A nan gardamar manhajar zane ta shafe mu.

Masu ilimin injiniya suna ta yabon SolidWorks da AutoCAD, kuma ba ƙarya suke yi ba. AutoCAD ta fito tun 1982, SolidWorks kuma 1995, manyan masana'antu da su suke aiki. Sai dai lasisinsu da dala ake biya, kuma tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, sai haya. Wane masta ne a Magazine zai riƙa canza sidi zuwa dala kowace shekara saboda zane? Shi ya sa ake loda wa yara kwafin sata a laftof, a ce musu ai kowa haka yake yi. Wannan cuta ce. Ranar da yaron ya samu kwangila daga kamfanin da ke tambayar lasisi, sai ya tarar shekarun da ya yi yana koyo sun ɗaure shi ga kayan da ba zai iya saya ba.

Wasu za su ce ga Fusion 360 da Onshape, suna da tsarin kyauta. Ku karanta sharuɗɗan. Kyautar Fusion ba ta mai sana'a ba ce. Onshape kuwa ba ta aiki sai da intanet, kuma a tsarinta na kyauta duk zanen da ka yi a buɗe yake ga kowa.

Ni FreeCAD nake goyon baya. Ba a biyan ko fesuwa ɗaya, tana aiki ba intanet, tana hawa Windows da Linux, tana kuma fitar da fayil ɗin STEP wanda SolidWorks ke buɗewa. Sigar 1.0 ta fito a Nuwamba 2024 da sashen harhaɗa sassan inji. Ba ta kai SolidWorks santsi ba, amma mai zana ƙusa da giya da injin niƙan rogo ba jirgin sama yake ƙerawa ba.

Jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar ITTU a Suame tun 1980 domin kai fasaha ga masu aikin hannu. To, ita da GRATIS da makarantun koyon sana'a su fara koyar da FreeCAD, da Hausa da Twi, da yamma bayan an tashi aiki. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin kwas, ku tambayi malamin wace manhaja zai koyar, kuma wa zai biya lasisinta bayan yaro ya gama.