Masu Sayad da Natsuwa a Cikin Firam

A kantunan kayan ɗaki na Turai da Amurka, da kasuwannin intanet, akwai wata haja da ta yi tashe. Takarda ce fara ko mai ruwan ƙasa, an buga mata baƙin zane kamar shafar buroshi, wani lokaci da'ira, wani lokaci layi biyu ko uku, ba siffar mutum, ba ta dabba. A gefe guda akan ɗiga ɗan jan hatimi, a sa ta cikin firam na katako da gilashi, sa'an nan a ce wai wannan zane ne irin na Japan, wanda ya rataya shi a ɗakinsa zai sami natsuwa. Sau da yawa uku-uku ake sayad da su, mai saye ya zaɓi waɗanda launinsu ya dace da kujerunsa da labulensa. Wannan ciniki akwai ha'inci a cikinsa.

Duk wanda ya koyi rubutu da girmansa ya san wahalar da hannu ke sha kafin ya ja layi ɗaya ya miƙe. To, a Japan akwai malaman addinin Buda na ɗariƙar Zen, irin su Hakuin wanda ya rasu a 1769, waɗanda kan tsoma buroshi cikin tawada su zana da'ira da ja ɗaya tak. Ba a komawa a gyara. In hannu ya yi rawa, takarda za ta nuna. In tawada ta ƙare kafin da'irar ta rufe, haka za a bar ta. Darajar abin tana ga wannan ja ɗaya, da shekarun da mutum ya yi yana horon hannunsa kafin ya kai gare shi. Inji kuwa ba ya rawar hannu. Yakan fid da dubu a yini, kowace da irin tabon 'yar'uwarta daidai, har da wurin da aka nuna wai tawada ta bushe.

Masu wannan sana'a sukan ce ai Japanawa da kansu sun daɗe suna buga hotuna suna sayarwa. Gaskiya ne, kuma ba ɗab'in ne laifi ba. Hoton nan na babbar igiyar ruwa da Hokusai ya zana wajen 1831, sassaƙa shi aka yi a jikin alluna, aka buga dubbai, talakan birnin Edo ya saya da kuɗi kaɗan. Amma sunan mai zanen yana jikin takardar, kowa kuma ya san bugu ya saya. Ba wanda aka ruɗa. Hajar yau kuwa galibi ba ta da sunan kowa. Mai saye bai san wanda ya zana ta ba, balle ko mutumin ya taɓa riƙe buroshi. Wasu ma kwamfuta ce ta ƙago su. Jan hatimin nan, wanda a Japan yake a matsayin sa hannun mai aiki, an mai da shi kwalliya kurum.

Turawan da suka ɗauko wannan hanya tun farko ba da arha suka same ta ba. Mark Tobey, mutumin Amurka, ya fara koyon riƙon buroshi wajen wani abokinsa Basine a birnin Siyatil, sa'an nan a 1934 ya tafi Sin da Japan, ya zauna wata guda a gidan ibadar 'yan Zen kusa da Kiyoto. Bayan ya komo gida ne ya fito da salonsa na fararen layuka masu kama da rubutu. Franz Kline kuwa, wanda wata mujallar masu rubutun buroshi ta Japan ta sa aikinsa a bangonta a 1951, shi da bakinsa ya ƙi a kira zanensa rubutu irin na Gabas, domin farin ma fenti ne ya shafa da hannunsa, kamar yadda ya shafa baƙin. Mai aikin ke nan ya ƙi sunan da bai cancanta ba. Yau ɗan kasuwa da ya ga baƙi a kan fari sai ya laƙaba masa Japan. Kama da wane ba ta wane.

Har wa yau, yadda ake rataya su ma ya saɓa wa al'adar da ake fakewa da ita. A gidan Japan na gargajiya akwai wani ɗan lungu a ɗakin baƙi, ana ce da shi tokonoma. Nan ake rataya zane ɗaya, a naɗe shi a adana in lokacinsa ya wuce, a fito da wani wanda ya dace da yanayin shekara ko da baƙon da ake jira. Ana haka ne don ido kada ya saba har ya daina gani. Wanda ya kafa ƙusa uku bisa kujera ya rataya firam uku, kafin wata ya ƙare ya daina ganinsu, sai ran da ƙura ta taru a gilashin a zo a goge.